Hoton Tsohon Soja: Yadda Ake Karanta Shi Da Yadda Ake Ajiye Shi

  

Hirarmu ta yau a kan wata ƴar takarda ce da ba ta fi tafin hannu ba. A gidaje da yawa tana can ƙasan akwati, tsakanin tsofaffin tufafi, ko a bayan madubi. Hoton tsohon soja ke nan. Mutum ya tsaya ƙyam, da dara a kai, da ɗamara a ƙugu. In ka tambayi yaran gidan wane ne wannan, sai su ce: wani kakanmu ne da ya je yaƙin Nasara. Wane yaƙi? Ba su sani ba. Mene ne sunansa? Sai an tambayi tsohuwa. To, ran da tsohuwa ta kwanta dama fa, wa za a tambaya?

A ƙasashen Turai akwai mutanen da tara irin waɗannan hotuna shi ne abin da suka sa gaba. Wani malamin makaranta ne, wani ɗan kasuwa, wani tsohon soja da ya huta. Ran kasuwa suna bin masu sayar da tsofaffin kaya, suna tonon kwalaye. Yanzu ciniki ya kai har intanet, inda hoto ɗaya kan sami masu tayi daga ƙasashe dabam-dabam. Wani ba ya tara komi sai hotunan igwa. Wani sai jiragen sama. Wani kuwa sai sojojin Afirka, wato kakanninmu. Kada ku ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Nan gaba kaɗan zan ba ku labarin hoto 8 da suka tona abin da ya yi kusan shekara 80 a rufe.

Hotunan iri biyu ne. Akwai hoto na ainihi, wanda mai ɗaukar hoto ya wanke wa soja, ƙwaya ɗaya ko ƴan kaɗan. Akwai kuma kati, wanda Faransawa ke kira kart postal. Shi kati takarda ce mai kauri, hoto a gaba, wurin rubutu a baya. Ana jefa shi gidan waya hakanan, ba ambulan. Ƙasar Ostiriya ta Turai ce ta fara fitar da shi a 1869, lokacin ko hoto babu a jikinsa. Daga baya aka sa hoto, sai ya zama shi ne gaisuwa, shi ne jarida. Ku tuna ba rediyo a gidaje a wancan zamani, balle salula. Kati guda akan buga shi ɗaruruwa ko dubbai, a sayar a kanti. A Dakar an yi wani Bafaranshe mai suna Edmond Fortier, wanda ya rasu a 1928. Shi kaɗai ya buga kati iri fiye da 3,000 na ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma sunansa yana rubuce a bakin katunan. Saboda haka in kati na kanti ya ɓace, wataƙila akwai ɗan uwansa a wani wuri. Hoton kakanka kuwa, mai yiwuwa shi kaɗai ne a duniya.

Su wane ne mutanen da ke cikin hotunan? A 1857 gwamnan Senegal, Faidherbe, ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji. Aka kira su tirayer na Senegal. A Faransance ana rubuta kalmar haka: Tirailleurs. Ku riƙe ta, don za ku gan ta a ƙarƙashin hotuna da yawa. Sunan ya bi duk wanda aka ɗauka daga baya, ko Babambare ne, ko Bamoshe, ko Bazabarme, ko Bahaushe, ko Babarbare. Duk ƴan Senegal ne a bakin Nasara. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an ɗebi mutum wajen 200,000 daga Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma wajen 30,000 ba su dawo ba. A 1918 kaɗai, da ɗan majalisar Senegal Blaise Diagne ya zagaya neman soja, an sami fiye da 60,000. Daga 1919 aikin soja ya zama doka, shekara 3, ana fid da mutum ta hanyar ƙuri'a. Sarakunan kanto ke kawo samari, likita ya duba, wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya yi sallama da gida. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka kai su Madagaskar a 1947, da Indoshin daga 1946 zuwa 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Marigayi shugaba Seyni Kunce, wanda ya shiga soja a 1949, ya yi aiki a Indoshin da Aljeriya. Kun ga ashe yaƙin Nasara ba ɗaya ba ne, kuma hoto yana iya gaya mana wanne ne.

To, mu ɗauki hoton mu karanta shi kamar yadda muke karanta allo, daga sama zuwa ƙasa.

Mu fara da kai. Hular da aka san tirayer da ita jar dara ce. Amma a tsohon hoto ba za ku gan ta ja ba. Irin hoton wancan zamani yakan mai da ja baƙi. In kun ga dara ja sosai a tsohon kati, to, yawanci da hannu aka shafa launin bayan an buga. In kuwa hular kwano ce, ku dubi samanta. Ta Faransa tana da wani ɗan tudu daga gaba zuwa baya, kamar zankon zakara. Sunanta Adrian, kuma a 1915 aka fara raba ta, da aka ga ɓaraguzan harsashin igwa suna fasa kawunan mutane a cikin ramuka. Ashe duk hoton da aka ga wannan hula, ba a ɗauke shi kafin 1915 ba. A goshin hular, da kuma a wuyan riga, ku nemi wata alama mai kama da ƙugiya mai baki biyu. Anga ce, ƙarfen da ake jefawa cikin teku don a tsai da jirgin ruwa. Ita ce alamar rundunar da sojojinmu suke ciki. In hular kwano ta zama mulmulalla, ba zanko, mai zurfi, ta Amurka ce. Daga 1943 Amurkawa suka ba sojojin Faransa da ke Afirka tufafi da motoci da makamai, kafin su sauka kudancin Faransa ran 15 ga Agusta 1944.

Sai riga. A 1914 shuɗiya ce mai duhu, da ɗan rawayan zare a bakin wuya. Daga 1915 aka koma kaki. A ƙugu akwai jar ɗamara mai tsawo, ita ma baƙa take fitowa. A ƙwauri akwai ƙyalle da aka naɗe tun daga idon sawu har gwiwa. A hannun riga ake sa galo, wanda wasu ke cewa igiya, shi ke nuna ko mutum kafaran ne ko sarjan. A ƙirji kuma lambobi. Akwai wata lamba mai kama da gicciye, da takubba biyu sun gitta a tsakiyarta. Lambar jarunta ce, a 1915 aka ƙirƙiro ta.

Yanzu bindiga, wadda ita ce masu tara hotuna suka fi ƙura wa ido. Ta farko sunanta Lebel, ta 1886. Doguwa ce, mita 1 da santimita 30, tana cin harsashi 8 a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakinta. Za ku gane ta da cewa katakonta biyu ne, da ƙarfe a tsakani. Wuƙar da ake kafa mata siririya ce kamar basilla. Ta biyu Berthier. Ita katakonta ɗaya ne, kuma akwai samfurinta na 1907 da aka ƙera musamman don tirayer, mai cin harsashi 3 kacal. Ta uku MAS 36, gajera, ta ɗara mita 1 da kaɗan, harsashi 5. Lambar da ke cikin sunanta ita ce shekararta, 1936. Ta huɗu MAT 49, ƴar ƙarama ta ƙarfe mai ɓarin wuta, wadda gidan harsashinta yake lanƙwashewa gaba. In kun ga wannan, zancen yaƙin Jamus ya wuce, sai Indoshin ko Aljeriya. Ban da bindiga akwai adda mai faɗi cikin kube a ƙugu, wadda Faransawa ke kira kup-kup.

Amma a nan sai an yi hankali. Bindiga tana gaya muku shekarar da hoto ba zai riga ta ba. Ba ta gaya muku shekarar da aka ɗauke shi. Soja ba ya jefar da tsohon makami don sabo ya fito. A 1940 da yawa sun yi yaƙi da Lebel da Berthier, irin waɗanda iyayensu suka riƙe. Kamar garma ce: in ka ga garmar shanu a hoto, ka san bayan zuwanta ne, amma ganin hauya ba ya nuna tsufan hoto.

Kuma ba duk mai dara ne soja ba. Gardin kumandan, masu karɓar haraji da kama mutane aikin tilas, su ma suna sa ta. Tsofaffi sun san bambancin, kuma ba sa ambaton su biyun da murya ɗaya.

Akwai wani karatu da mai tara hotuna a Turai bai iya ba, ku kuwa kun iya shi tun kafin ku san harafi. Tsaga ke nan. Shi ya ga an rubuta ɗan Senegal, shi ke nan. Kai kuwa kana duban kunci sai ka ce: wannan ai Bagobiri ne, wannan Bakatsine, wannan Bazabarme. Wani lokaci har laya ana gani a wuya ko a damtse. In da za a haɗa sanin da suke da shi na makamai da sanin da muke da shi na fuska, da hotuna da yawa sun sami garinsu.

Ku da ke bakin iyaka, Maraɗi da Magarya da Ƙwanni, kuna iya samun hoton da bai dace da duk abin da na faɗa ba. Kada ku ruɗe. Wani kakan sojan Ingilishi ya yi, a Kano ko Zariya ko Kaduna, ko ma can Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957. Su alamarsu bishiyar kwakwa ce. Waɗanda aka kai yaƙin Bama, tsakanin 1943 da 1945, suna sa hula mai faɗin baki kamar malafa. Runduna biyu ce. Ta 81 alamarta gizo-gizo ne baƙi a kafaɗa. Ta 82 kuwa mashi biyu ne da suka gitta a kan gammo.

Yanzu mu juya hoton. Sau da yawa baya ya fi gaba magana. In kati ne, ku duba ko akwai layi tsaye da ya raba bayan biyu. Kafin 1904, a Faransa, bayan kati na adireshi ne kawai, saƙon kuwa a gaba ake matsa shi gefen hoto. Daga 1904 aka raba: dama adireshi, hagu saƙo. Kati marar layi, ashe, tsoho ne ƙwarai. Ku lura kuma, masu ɗaukar hoto da yawa suna wanke hoton soja a kan takarda mai bayan kati, don ya iya aikawa gida. Sai ya zama hoto ne na ainihi, kati ne kuma.

Ku dubi kusurwar sama ta dama, inda ake manna tambur, wanda wasu ke cewa kan sarki. In ba tambur, sai harufa biyu, F da M, to soja ne ya aika. Tun ran 3 ga Agusta 1914 aka yafe wa sojoji kuɗin wasiƙa. Kusa da nan akwai hatimin gidan waya, zagayayye. A tsakiyarsa akwai lamba uku: rana, wata, shekara. In kun ga 12, da 5, da 17, wato 12 ga Mayu 1917. Wani hatimin ba sunan gari a cikinsa, sai lamba. Da gangan ne. Tun ƙarshen 1914 aka ba kowace runduna lambar gidan waya, don kada abokan gaba su san inda take. Akwai ma masu buɗe wasiƙun sojoji suna karantawa. Shi ya sa saƙon yake gajere: ina lafiya, a gaida mutanen gida. Yawancin sojojinmu kuwa ba su iya rubutu ba. Wani ne ya rubuta musu, wani kuma ya karanta wa iyayensu. Me mutum zai faɗa wa mahaifiyarsa ta bakin mutum biyu da ba su san ta ba?

Rubutun na Faransanci ne, amma suna da lamba ba za su gagare ku ba, in kun riƙe ƴan abubuwa kaɗan. Inda mu muke rubuta u, su o da u suke haɗawa. Moussa shi ne Musa. Oumarou shi ne Umaru. Tahoua ita ce Tawa, Tessaoua ita ce Tasawa. Inda muke rubuta sh, su ch suke sawa. Inda muke rubuta c, su tch. Inda muke rubuta j, su dj. Zinder kuwa Damagaram ce, wadda ta zama babban birnin ƙasar nan daga 1911 har 1926, kafin a koma Yamai. Magatakardan soja yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, wani lokaci ya sa sunan ƙauye a madadin sunan uba. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar soja, wadda suke kira matirkil, da shekarar da aka ɗauki mutum. In littafin soja na kakanku yana nan, waɗannan lambobi suna cikinsa. Littafin da hoton abokan tafiya ne, kada a raba su.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni dai a kan hoton yaƙi ban yarda da karin maganar nan duka ba. Hoto ma yana yin ƙarya, ko ya faɗi rabin gaskiya. Sojan da ya shiga shagon mai hoto a Marsai ko Tulon, yakan tsaya gaban labule mai zanen lambu ko bene. Ya goge takalmi, ya gyara ɗamara, wataƙila ya ari abin da zai riƙe. Yana so a gida a ga yana cikin daɗi. Ba wanda ya aika wa uwarsa hoton ƙafar da sanyi ya cinye. Alhali a watan Afrilu 1917, a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, an tura sojojin Afirka gaba cikin ruwa da ƙanƙara, hannuwansu sun sandare, aka kashe dubbai cikin ƴan kwanaki. Saboda sanyin nan ne akan janye su da hunturu zuwa barikokin Firejus a kudancin Faransa. Katunan Firejus suna da yawa a kasuwa. A cikinsu akwai na wani jan masallaci da aka gina wa sojoji a can tsakanin 1928 da 1930, bisa kamannin masallacin Jenne.

Katunan kanti sun fi haka ɓarna. Masu buga su abin da zai sayu suke nema. Wani kati yana nuna baƙin soja yana dariya kamar yaro, irin wanda kamfanin Banania ya sa a tallarsa daga 1915. Wani yana nuna shi da adda tsirara, ido jajur, don a tsorata Jamus. Dukansu biyu ba mutum suke nunawa ba. Kuma akwai abin da hoto bai ɗauka ba sam. A ƙarshen 1944 an cire baƙaƙen sojoji daga fagen fama, aka ba fararen samari kayansu da matsayinsu. Shi ya sa a hotunan nasara da suka biyo baya fuskokinsu suka yi ƙaranci. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirayer da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaban Faransa ya ambaci 70 ko fiye. Masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Masu buga kati ba irin wannan labari suke sayarwa ba.

Ga labarin hoto 8 da na yi muku alkawari. A watan Yuni 1940 sojojin Jamus suna gangarowa kudu zuwa birnin Liyon. Aka tsai da runduna ta 25 ta tirayer a arewacin birnin, aka ce su tare hanya. Suka yi faɗa ran 19 da ran 20 ga wata, a wani gari mai suna Chasselay, har harsashi ya ƙare. Da suka miƙa wuya, Jamusawa suka ware farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Suka kora baƙaƙen zuwa wata gona, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Kusan mutum 50 suka mutu a gonar nan. Ba nan kaɗai aka yi haka ba. Masana sun ƙiyasta baƙaƙen sojoji tsakanin 1,500 da 3,000 aka kashe ta wannan hanya a Faransa cikin watannin Mayu da Yuni na shekarar. A 1942 aka gina maƙabarta a wurin, da jan bango irin ginin ƙasashenmu, ana kiranta Tata. Tirayer 188 ke kwance a ciki, kuma da yawa an rubuta a kan kabarinsu cewa ba a san sunansu ba.

Shekara da shekaru ana cewa wata rundunar SS ce, ta jam'iyyar Hitila, ta yi kisan. Sai a 2019 wani saurayi Bafaranshe mai tara hotuna ya sami hotunan da wani sojan Jamus ya ɗauka. Ku sani sojojin Jamus da yawa suna da na'urar ɗaukar hoto, kuma sun ɗauki baƙaƙen fursunoni kamar wani abin kallo. A cikin hotunan akwai 8 da suka nuna abin daki-daki: ga mutane ana kora su hannu a sama, ga tankoki, ga gawawwaki a gona. Saurayin bai ɓoye su a akwati ba. Ya kai wa wani masanin tarihi mai suna Julien Fargettas. Suka gane wurin, suka duba tankokin, sai ta bayyana cewa runduna ta 10 ta tankokin sojan Jamus ce, ba SS ba. Aka buga hotunan a 2020. Wanda ya ɗauke su don tunawa ya ɗauka, bai san shaida yake ajiyewa a kan rundunarsa ba. Amma ku lura da abin da hotunan suka kasa. Sun nuna masu kisa. Fuskokin waɗanda aka kashe kuwa ga su a fili, amma hoto bai zo da sunan kowa ba.

Mu kuwa namu hotunan, sunan yana nan tukuna, a bakin tsofaffi. To, ga aikin da nake roƙonku. Ku fito da hoton da rana, ku kai wa wanda ya fi kowa tsufa a gidan, mace ko namiji. Kada ku yi gaggawa. Ku bar shi ya duba, ya yi shiru in zai yi. Sa'an nan ku tambaya: sunansa, sunan ubansa, laƙabin da aka san shi da shi, garinsu, shekarar da aka ɗauke shi. In ba a san shekara ba, a faɗi abin da ya faru a lokacin, ko yunwa, ko fara, ko sarautar wane. Ina aka kai shi? Ya dawo? Da ya dawo, yaya yake? Wani ya dawo da fansho da keken ɗinki, wani ya dawo ba ya barci da dare. Duka ku rubuta, da Hausa, da hannunku. A ƙasa ku sa sunan wanda ya ba ku labarin da ranar da ya bayar. Abin da tsoho ya ce bai tabbata ba, ku rubuta cewa bai tabbata ba.

Da fensir ake rubutu a bayan hoto, a hankali, a gefe, ba a dannawa. Kada ku taɓa shi da bik. Tawadar bik tana ratsa takarda ta fito a fuskar mutum, kuma ba ta goguwa. Dogon labarin ku sa shi a takarda dabam.

Maƙiyan hoto kun san su, su ne maƙiyan rumbu: gara, da ɓera, da kyankyaso, da laimar damina. Sai kuma rana, wadda ke cinye fuska sannu a hankali har ta zama fara fat. Kowane hoto a sa shi cikin ambulan na takarda shi kaɗai, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan dutse ko benci, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kada a ɗaure shi cikin leda, don leda tana riƙe gumi, hoto ya manne. Kada a liƙa shi da ƙaro ko salatif. Kada a kai shi a narka masa roba irin ta katin ɗan ƙasa, domin zafin injin yana ɓata shi, kuma ba ya fita har abada. In ya riga ya manne da gilashi, a bar shi da gilashinsa. A riƙe shi ta gefe, da hannu busasshe, ba bayan an ci tuwo ba. Wanda kuma ba ya son ajiye hoto a ɗakinsa, ba sai ya ƙone shi ba. Ya ba ɗan uwan da zai riƙe.

Mai salula a gidan ya ɗauki hoton gaba da baya, a inuwa mai haske, ya tura wa dangi na nesa. Wanda za a rataya a bango, a wanke sabo daga wannan, na ainihi ya koma akwati.

Wata rana wani zai iya zuwa ya ce zai saya, ya ambaci jika kaza. Kayanku ne, ba zan hana ku ba. Amma ku sani, da zarar hoto ya bar gida ba tare da sunansa ba, sai ya koma ɗan Senegal kamar sauran, a jera shi a kwali da farashi a bayansa. In baƙon mai bincike ne na gaskiya, kwafi ya ishe shi, kuma zai fi murna da takardar da kuka rubuta. Haka nan in kuna so tarihin ya wuce gidanku, a Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, akwai ma'ajiyar takardun ƙasa, akwai cibiyar binciken tarihi ta jami'ar Abdu Mumuni. Ku tambaye su, ku nuna musu kwafi. Mai neman ƙarin bayani kuma, takardun aikin sojojin Afirka da yawa suna ajiye a birnin Po na Faransa, sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 kuwa an sa su a intanet ƙarƙashin sunan Mémoire des hommes. Duk inda za a nema, lambar soja da shekarar ɗauka za a fara tambayarku.

Wanda ya gamu da kalmar Faransanci da ta gagare shi, ya kwafe ta harafi-harafi a littafinsa, ya kai wa malamin cibiyarsu. Hoton kuwa a bar shi gida.